Faifan Da Ya Ƙi Mutuwa: Abin Da Marubuci Zai Ɗauka Daga Labarin Rodriguez

 

A wannan makon za mu ɗan fita daga gida. Maganarmu a kan wani faifan waƙoƙin Turanci ne, na kiɗan da ake kira rok, wanda ya fito a Amurka a watan Maris na 1970. Sunan faifan Cold Fact, wato gaskiya tsagwaronta, mai shi kuma Sixto Rodriguez. Mun san wasu za su ce me ya haɗa kifi da kaska, zauren marubutan Hausa da mai kaɗa jita a birnin Detroit? Abin da ya haɗa mu shi ne mutumin nan da hannunsa yake rubuta baitocinsa, wannan kuma shi ne cikakken faifansa na farko, kuma da ya fito sai ya faɗi ƙasa warwas, kamar yadda littafin farko na da yawa daga cikinmu yake faɗuwa. Yau ga shi an haura shekara 50 ana sauraron sa, ana sake buga shi, matasan da ba a haifi iyayensu ba lokacin da ya fito suna nemansa. To me ya riƙe shi?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce labarin ban mamakin da ya biyo baya, wanda za mu kawo yanzu. Mu a namu ganin, rubutun da ke cikin faifan ne ya riƙe shi, labarin daga baya ya zo ya tarar. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga duk mai riƙe alƙalami, domin wanda ya ɗauki labarin ya bar rubutun zai zauna jiran sa'a, wanda kuma ya ɗauki rubutun zai koma ya gyara aikinsa.

An haifi Rodriguez ranar 10 ga Yuli, 1942, a Detroit ta jihar Michigan. Iyayensa 'yan ci-rani ne daga Meziko, irin waɗanda masana'antun birnin suka jawo. Shi ne na shida a gidansu, daga nan sunan Sixto ya samo asali. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara uku. Detroit a lokacin ita ce cibiyar ƙera motoci ta Amurka, kuma gidan kamfanin kiɗa na Motown, amma tsakiyar birnin, inda talakawa baƙar fata da baƙi suke zaune, tana ta lalacewa. A watan Yulin 1967 aka yi tarzomar da ta ci rayuka 43, masu hali suka ci gaba da tattara nasu ya nasu suna komawa unguwannin bayan gari. A cikin wannan hayaƙi Rodriguez ya rubuta waƙoƙinsa.

Wasu masu shirya kiɗa biyu, Mike Theodore da Dennis Coffey, su suka same shi yana waƙa a wani gidan shaƙatawa kusa da kogin Detroit, ya juya wa jama'a baya yana kaɗa jitarsa. Coffey sanannen makaɗin jita ne da ya yi wa Motown aiki, haka Bob Babbitt da ya kaɗa jita mai kaurin murya a faifan. A 1969 aka ɗauki waƙoƙin, kamfanin Sussex na Clarence Avant ya fitar da su. Waƙa 12 ce, goma daga ciki rubutun Rodriguez, gaba ɗayansu sun ɗan haura rabin sa'a. Ke nan ba a yi wa aikin ƙauron ƙwararru ba.

Duk da haka faifan bai sayu ba. Aka kai shi Landan ya yi na biyu, Coming from Reality, wanda ya fito a 1971, shi ma ya bi sahun ɗan uwansa. Kamfanin ya sallame shi. Abin lura a nan shi ne a wannan shekara ta 1971 ɗin ce Sussex ya fitar da faifan farko na Bill Withers, wanda ya karɓu nan take. Kamfani ɗaya, zamani ɗaya, wani ya tashi wani ya zauna. Rodriguez ya koma leburanci, yana rushe tsofaffin gine-gine yana gyaran gidaje. A 1981 ya kammala digiri a fannin falsafa a Jami'ar Wayne State. Ya tsaya takara sau da dama a Detroit, har da kujerar magajin gari, bai taɓa ci ba. Gidan da ya zauna shekara da shekaru kango ne da ya saya a gwanjon gwamnati kan dala 50.

A can Afirka ta Kudu kuwa, wani abu daban yake faruwa ba da saninsa ba. Faifan ya shiga ƙasar tun farkon shekarun 1970, a tsakiyar mulkin wariyar launin fata, lokacin da gwamnati ke tace duk abin da ido zai gani ko kunne zai ji. Ko talabijin ba a buɗe a ƙasar ba sai 1976. Matasa, akasarinsu farar fata 'yan makaranta da waɗanda aka ɗiba aikin soja na dole, suka kama faifan hannu bibbiyu. Ana saye a kanti, ana kwafa a kaset, wannan ya miƙa wa wancan. A gidan rediyon gwamnati sai da aka sa ƙarfe mai tsini aka kakkarce waƙar farko ta faifan don kada wani ma'aikaci ya saka ta. An ƙiyasta cewa abin da aka sayar na faya-fayansa a ƙasar ya kai rabin miliyan. Da yake babu wanda ya san komai a kansa sai hoton da ke bangon faifan, mutum a zaune da malfa da baƙin tabarau, sai jita-jita ta cike gurbin. Aka yi ta yaɗa cewa ya kashe kansa a kan dandamali a gaban jama'a.

A 1997 wasu masoyansa biyu, Stephen Segerman da ɗan jarida Craig Bartholomew Strydom, suka duƙufa neman sanin yadda ya mutu, sai suka tarar yana nan da ransa yana leburanci a Detroit. 'Yarsa Eva ce ta ci karo da cigiyar da suka sa a intanet ta amsa musu. A watan Maris na 1998, yana da shekara 55, ya sauka Cape Town ya hau dandamali a gaban dubban mutanen da suka haddace baitocinsa. A 2008 kamfanin Light in the Attic ya sake buga Cold Fact a Amurka. A 2012 wani ɗan Suwidin, Malik Bendjelloul, ya shirya fim a kan labarin mai suna Searching for Sugar Man, wanda ya ci lambar Oscar a 2013. Rodriguez ya rasu ranar 8 ga Agusta, 2023, yana da shekara 81.

Labarin ke nan a taƙaice, kuma babu shakka yana da daɗin ji. Amma mu tsaya mu yi lissafi. Daga farkon shekarun 1970 zuwa 1997, sama da shekara 25, mutanen Afirka ta Kudu suna sauraron faifan nan ba su san labarin komai ba. Babu fim, babu hira a jarida, babu wasa, babu talla, mai waƙar ma a zatonsu ya mutu. Abin da ke hannunsu waƙoƙin ne kawai. Idan da waƙoƙin holoƙo ne, da an saurara shekara ɗaya an wuce wurin, da kuma ba a sami wanda zai ɓata lokacinsa yana cigiya ba. Don haka mu buɗe faifan mu ga abin da ke ciki.

Abu na farko, mutumin ya rubuta abin da idonsa ya gani a unguwarsa, kuma ya kira shi da sunansa. Bai zauna yana waƙar talauci a dunƙule ba. Ya kawo ɗan ƙwaya, ya kawo dillalinsa, ya kawo yarinyar da ta baro gidan iyayenta a unguwar masu hali ta faɗo tsakiyar birni, ya kawo ɗan siyasar da ke rufa-rufa. A waƙar da aka fi sani da The Establishment Blues, jero matsalolin gari ya yi ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta kanun labarai, cikin murya maras hayaniya, har sai tarin su ya yi wa mai sauraro nauyi. Detroit yake nufi, bai san Afirka ta Kudu tana saurare ba. Amma saurayin da ke zaune a Johannesburg ƙarƙashin gwamnatin da ta hana shi tambaya, da ya ji, sai ya ga garinsu. Da Rodriguez ya yi nufin rubuta wa duniya baki ɗaya, da ya goge duk wata alama ta unguwarsa, da kuma ya fito da abin da ba na kowa ba.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ke ƙara tabbatar da wannan. A waƙar Inner City Blues ya ambaci sunan Dearborn, wani gari da ke maƙwabtaka da Detroit. Lokacin da Strydom ya rasa bakin zaren cigiyarsa, wannan suna ya duba a taswira, ya gane jihar da zai nufa, daga nan ya kai ga Mike Theodore, wanda ya shaida masa mutumin yana raye. Sunan gari ɗaya a cikin baiti ɗaya shi ya zama igiyar da aka bi aka iso ƙofar gidansa bayan shekara 27. Mu duba rubuce-rubucen da muke turowa zauren nan. Nawa ne a cikinsu suke faruwa a wani gari maras suna, a wani katafaren gida maras unguwa, inda motoci ke da suna amma titin da suke bi ba shi da shi? Mai karatu yana gane marubucin da ya taka ƙasar da yake bayani, kuma yana gane wanda a fim ya gan ta.

Abu na biyu, ya bar mutanen cikin waƙarsa sun yi magana da bakinsu. Waƙar Sugar Man, wadda ta buɗe faifan, muryar ɗan ƙwaya ce yana roƙon dillalinsa ya zo da sauri. Rodriguez bai tsaya a gefe da bulala yana wa'azi ba, bai kuma ƙawata abin ba. Ya shiga cikin mutumin ya bari mu ji gajiyarsa da ƙasƙancinsa, yadda ya mayar da mai kashe shi mai cetonsa. Wanda ya saurara da kyau ba sha'awar ƙwaya zai ji ba, tausayi da tsoro zai ji. Mun san a al'adarmu ta rubutu muna son faɗakarwa, kuma wannan abin alfahari ne. Matsalar tana zuwa ne idan marubuci ya tsayar da labari cak ya hau mumbari shafi uku, ko ya sa mugu a labarinsa ya zama mugu tun daga suna har tafiya, ba shi da uwa ba shi da dalili. Irin wannan mugu ba ya tsorata kowa, domin babu mai ganin kansa a cikinsa. Faɗakarwar da ke ratsa zuciya ita ce wadda mai karatu zai rufe littafi ya ce, ashe ni ma da na bi ta wannan lungu haka zan ƙare.

Abu na uku, ya yarda da tambaya. Waƙar I Wonder, wadda ta fi kowacce shahara a Afirka ta Kudu, tambayoyi ne a jere daga farko har ƙarshe, a kan soyayya, kaɗaici, yaƙi da ƙiyayya, babu amsa ko ɗaya. A ƙasar da hukuma ta riga ta tanadi amsar komai, tun daga wanda za ka aura har bencin da za ka zauna, jin mutum yana tambaya a fili ba ƙaramin abu ba ne. Amsa tana tsufa da zamaninta, tambaya kuwa kowane sabon mai sauraro yana zuwa ya same ta a buɗe ya saka tasa rayuwar a ciki. Sabon marubuci yakan ji tsoron barin ƙofa a buɗe, sai ya bi kowane zare ya ƙulle, ya bayyana abin da kowa ya riga ya fahimta, ya ƙara da darasin labari a ƙarshe don kada a ce ba a gane ba. Wannan rashin yarda ne da mai karatu, shi kuma yana jin haka a jikinsa.

Sai mu ƙara da tsawon aikin. Rabin sa'a da 'yan mintuna, yawancin waƙoƙin ba su wuce minti biyu zuwa uku ba. Ya faɗi abin da ya kawo shi ya tashi. Mu da muke auna ƙwazon marubuci da yawan shafuka, muke jan labarin da zai ƙare a babi 20 har ya kai 90 don kada masu bibiya su watse, ya kamata mu tambayi kanmu wane ne zai dawo ya sake karanta babi 90 bayan shekara goma.

Kada a ɗauka muna cewa faifan ba shi da aibi. Yana da shi. Tasirin Bob Dylan a bayyane yake a salon wasu baitocin, kamar yadda inuwar wanda muka fi karantawa take fitowa a littafinmu na farko. Wasu ƙarairayin sauti da masu shirya kiɗan suka ƙara sun nuna shekarunsu. Akwai waƙoƙin da ɗacin da ya yi wa mata a cikinsu ya wuce kima, mai sauraro na yau zai ji bai kwanta masa ba. Muna faɗin wannan ne don masu riƙe da rubutu shekara biyar a waya suna jiran ranar da zai zama babu kuskure. Wannan rana ba ta zuwa. Aikin farko da ke da rai da 'yan kurakurai ya fi wanda aka goge har ya rasa ɗanɗano, kuma dukansu biyu sun fi wanda bai fito ba. Cold Fact ya isa Afirka ta Kudu ne saboda an gama shi, an buga shi, ya zama abin da hannu zai ɗauka ya miƙa wa wani.

Yanzu mu zo ga inda muke jin tsoron labarin nan, domin yana da gefen da zai iya cutar da sabon marubuci. Da zarar an ji shi, zuciya takan ce, ai ni ma haka ne, mutane ne ba su gane ni ba, wata rana za a neme ni. Wannan tunani yana da sanyi amma yana kwantar da mutum. Mafi yawan ayyukan da ba su karɓu ba, ba su karɓu ba ne saboda ba su nuna ba, kuma rashin karɓuwa shi kaɗai ba shaidar inganci ba ne. A cikin masu kyan ma, ba kowa ake dawowa a nema yana raye ba. Nick Drake na Ingila ya fitar da faifansa na farko, Five Leaves Left, a 1969, bai sayu ba. Ya rasu a 1974 yana da shekara 26, duniya ba ta waiwaye shi sosai ba sai bayan shekaru masu yawa. Akwai kuma waɗanda har yau ba a waiwaya ba, ba mu ma san sunansu ba balle mu kawo su misali. Don haka idan rubutunka ya fito shiru, kada ka yanke wa kanka hukuncin cewa ba ka iya ba, kada kuma ka yanke wa mutane hukuncin cewa ba su da ido. Ka kai shi wurin mutum biyu ko uku da suka san aikin kuma ba sa jin kunyarka, ka ji abin da za su ce.

Har ila yau, shi kansa fim ɗin da ya yaɗa labarin ya yi tankaɗe da rairaya don labari ya yi daɗi. Bai faɗa wa masu kallo cewa Rodriguez ya yi suna a Ostireliya ba, har ya je ya yi wasanni a can a 1979 da 1981. Ke nan ba wai tun 1971 bai sake jin tafi ba. Haka nan bai kamata a kambama rawar da faifan ya taka a yaƙi da wariyar launin fata ba. Ya buɗe idon wasu matasa farar fata, wannan gaskiya ne, amma baƙar fatar ƙasar da suka ɗauki nauyin gwagwarmayar suna da nasu mawaƙan, irin su Miriam Makeba da Hugh Masekela, waɗanda suka sha gudun hijira saboda ita. Mu da sana'armu ita ce tsara labari, ya kamata mu fi kowa gane inda aka datse labari don ya tsaya da kyau.

Sai maganar kuɗi, wadda masu son labarin sukan tsallake da sauri. Faya-fayan nan da aka yi ta saye a Afirka ta Kudu, kuɗi aka biya. Kamfanonin can sun ce sun riƙa aika kason mai waƙa zuwa Amurka, shi kuwa shekara da shekaru yana ɗaukar buraguzan gini bai ga komai ba. Sussex ya rufe tun 1975. Wani abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne a jikin faifan an rubuta sunan ɗan uwansa Jesus Rodriguez a matsayin marubucin wasu daga cikin waƙoƙin, batun da ya kai ga shari'a a 2014 tsakanin kamfanoni biyu masu iƙirarin mallakar baitocin. Mutane suna yaba haƙurinsa da rashin kwaɗayinsa, kuma ya cancanci yabon. Amma haƙurin wanda aka ci wa haƙƙi ba ya mayar da cin haƙƙin ya zama daidai. Shekarun ƙarfinsa sun tafi, faifai na uku bai taɓa fitowa ba. Wa ya san abin da zai rubuta da a ce kuɗin guminsa yana iso shi yana ɗan shekara 35?

A nan ne labarin ya zo har ƙofar ɗakinmu. Duk wanda ya daɗe a harkar rubutun Hausa na intanet ya san yadda littafi ke yawo daga waya zuwa waya an cire sunan mai shi, ko a karanta shi a wata tasha a tara masu saurare marubuciyar ba ta sani ba, ko a karɓi labari da alƙawarin baki a yi fim a manta da wanda ya rubuta. Muna jin ana cewa ai suna ake nema tukuna, kuɗi zai zo daga baya. Rodriguez ya yi sunan da ya cika ƙasa guda, sunan bai saya masa ko buhun gawayi ba sai da aka yi shekara kusan 30. Saboda haka, ɗan uwa, 'yar uwa, sa sunanka na gaskiya ko sunan alƙalamin da ka tsaya a kai a jikin aikinka, a farko da tsakiya da ƙarshe. Ajiye asalin rubutunka da ranar da ka yi shi. Duk wanda zai karɓi aikinka, ku rubuta yarjejeniya, ka karanta ta, in ba ka gane ba ka nemi wanda ya gane. Ka kuma bar hanyar da mai nemanka zai same ka. Neman haƙƙi ba rashin tawakkali ba ne.

Akwai wani abu a rayuwar mutumin da muke so mu tsaya a kai kafin mu rufe. Da kasuwa ta juya masa baya, bai lalace ba. Ya yi aikin ƙarfi bai ji kunyarsa ba, ya yi karatu, ya rene 'ya'yansa mata uku, ya shiga harkar unguwarsa, jitarsa kuma tana nan. Shi ya sa ranar da aka zo nemansa aka tarar da mutum a tsaye, wanda zai iya hawa dandamali ya rera waƙoƙinsa. Da yawa daga cikinmu malaman makaranta ne, teloli, 'yan kasuwa, ɗalibai, matan aure masu rubutu bayan yara sun yi barci. Wannan ba ya rage wa kowa matsayinsa na marubuci. Sana'ar da ke ciyar da kai ita ke ba ka damar rubuta abin da ka yarda da shi ba tare da ka bi abin da ake yayi ba, kuma a cikinta ne za ka haɗu da mutanen da za su cika littafinka, kamar yadda Rodriguez ya haɗu da nasa a titunan Detroit.

Abin da muke ƙoƙarin faɗa ke nan. A wannan zamani da marubuci ke saka babi da daddare ya tashi da asuba yana ƙirga yawan waɗanda suka danna alamar so, yana da sauƙi mutum ya ɗauki hukuncin kwana ɗaya a matsayin hukuncin ƙarshe. Mun ga masu baiwa a zauren nan da suka ajiye alƙalami saboda littafin farko bai yi tashe ba, mun kuma ga waɗanda suka sauya salonsu suka koma kwaikwayon abin da ke jan jama'a har muryarsu ta ɓace. Babu wanda zai yi maka alƙawarin cewa wata ƙasa tana can tana karanta ka a ɓoye. Abin da ke hannunka shi ne ka yi aikin da idan ya faɗa hannun baƙo, wanda bai san ka ba, bai san ƙungiyarku ba, ba ya jin nauyinka, zai karanta har ƙarshe ya miƙa wa wani. Sauran na Allah ne.

Ga aikin wannan mako ga mai sha'awa. Ɗauki shafin farko na abin da kake rubutawa yanzu, ka duba abu uku. Shin akwai wuri na gaske a ciki, da sunansa da ƙamshinsa da hayaniyarsa? Shin akwai mutumin da ka bari ya yi magana da bakinsa ba ka katse shi da wa'azi ba? Shin akwai layin da za ka cire labarin bai rasa komai ba? Gyara shafin, ka kawo mana tsohon da sabon mu gani tare. Masu ganin mun yi kuskure a fahimtarmu, musamman a kan batun faɗakarwa da muka san zai ja muhawara, ƙofa a buɗe take, a dai yi cikin mutunta juna kamar yadda muka saba.

Allah Ya ƙara basira, Ya sa albarka a alƙalumanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.